Dorcas da Surukinta a Ɗakin Likita

Likitoci biyu na farko ba su bar Dorcas ta kai ƙarshen maganarta ba. Na ukun ya bar ta, amma a ranar surukinta na tsaye a cikin ɗakin.

Dorcas 'yar ƙauyen Betso ce, gwauruwa, ta ɗan haura hamsin. Gyaɗa take nomawa, ta ɓare, ta kai kasuwar Mubi da kanta. Mace ce da ba a san ta da kwanciya ba. Da jinin al'adarta ya fara wasa, wani wata ya zo, wani wata ya ƙi, ba ta damu ba. Abin da ya dame ta zafi ne. Tana tsaka da aiki sai ya taso daga ƙirji zuwa fuska kamar an buɗe mata murhu, gumi ya jiƙa rigar sharkaf. Barci ya ƙaurace mata. Ta fara mantuwa, ta fara faɗa da mutane a kan abin da bai kai ba. Ran nan a coci ta daka wa wata tsawa a tsakiyar waƙar zumuntar mata, ta koma gida ta yi kuka.

Sai ta tafi asibiti a Mubi, ita kaɗai. Likitan yaro ne, bai kai ɗanta na fari ba.

"Mama, me ke damun ki?"

"Jikina ne yake zafi, sai gumi, kuma al'adata..."

"Maleriya ce," ya ce, yana rubutu. "Na gaba ya shigo."

Ta sha maganin har ya ƙare. Zafin bai san ta sha komai ba.

A kasuwa akwai Halimatussa'adiya, mai ƙuli-ƙuli daga Sabon Layi, wadda ta daɗe tana sayen gyaɗa a hannunta. Ta ga Dorcas na fifita da murfin kwano, ta bushe da dariya.

"Ke Dorcas, wa ya kunna ki da safen nan?"

"Bari kawai, Hajiya. An ce maleriya ce."

"Maleriyar gidan uban wa? Girma ne ya ƙwanƙwasa miki ƙofa. Yayata ta Kaduna haka ta yi, kuma magani aka ba ta, ta samu sauƙi. Koma ki faɗa musu. Ki buɗe baki, ba irin maganar nan taku ta coci ƙasa-ƙasa ba."

Ta koma. Wannan karon wani likita ta samu, mai tumbi, waya a kunne. Ta faɗa masa al'ada ta ɗauke gaba ɗaya, ta faɗa masa zafin, ta fara maganar maganin Kaduna. Ya sauke wayar ya dube ta.

"Shekarunki nawa, Mama?"

"Hamsin da wani abu."

"To me kike so in yi miki? In mayar da ke budurwa?" Nas ɗin da ke gefe ta ƙyalƙyale. "Wannan ba cuta ba ce. Kowace mace da haka take wucewa, kakarki ma ba ta sha magani ba. Duk abin da kika gani daga yanzu, shekaru ne. Je ki yi haƙuri, akwai marasa lafiya a waje."

Dorcas ta fito ta riƙe maganar nan gam. Duk abin da ta gani, shekaru ne.

Saboda haka da jini ya dawo, bayan fiye da shekara da ɗaukewarsa, ba ta gaya wa kowa ba. Da farko ɗigo ne. Daga baya ya zama sai ta ninka tsumma. Mararta ta riƙa ciwo, tafin hannunta ya yi fari. Tana wanke zannuwanta a mayo, wato rafi, can ƙasa, inda mata ba sa zuwa.

Wata safiya ta faɗi a gona. 'Yarta Miriyamu na da tsohon ciki, ba ta iya hawa mashin a hanyar Betso, sai mijinta Eric ya ɗauki surukar tasa zuwa asibitin Mubi. Eric mutumin kirki ne, kowa ya sani. Tun da ya auri Miriyamu bai taɓa cin abinci a gaban Dorcas ba, ita ma ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai Baban Beauty. Haka ake yi, kuma su biyun suna alfahari da hakan.

Jiri bai bar ta ta tsaya da ƙafarta ba, don haka shi ya riƙe ta har cikin ɗakin likita. Wannan dattijo ne mai furfura, ba ya sauri. Ya ajiye biro, ya ja fatar idonta ya duba.

"Jininki ya yi ƙasa sosai. Wannan ɗanki ne?"

"Eh, mamata ce," in ji Eric. Ba ƙarya ya yi niyya ba. Ladabi ne, haka yake kiran ta.

"Madalla. Mama, al'ada ta ɗauke?"

Dorcas ta sunkuyar da kai. "Ta ɗauke."

"Tun da ta ɗauke, kin sake ganin jini? Ko ɗigo ne. Ki faɗa mini, kada ki ɓoye."

Ga tambayar da ta yi ta jira wani ya yi mata. Amsar na bakinta. Amma tana ganin takalmin Eric a gefen kujerarta, da ƙurar Betso a jikinsa. Mijin 'yarta. Shi kuwa ya ƙura wa bango ido kamar kurma. Ya so ya fita, amma a ganinsa fita a daidai lokacin kamar ya nuna ya ji tambayar ne, kuma hakan zai fi kunyata ta. Sai ya tsaya.

"A'a," ta ce.

"Kin tabbata?"

"Babu komai, likita. Aiki ne ya yi mini yawa."

Dattijon ya ɗan jira. Da bai ji ƙari ba, ya rubuta maganin ƙarin jini, ya ce ta riƙa cin ganye da hanta, ta dawo idan ta ga wani abu.

A hanya Eric ya ce, "Mama, wannan likitan ya san aiki."

"Ya sani, Baban Beauty."

Ta yi tunanin komawa ita kaɗai. Har ta ɗaura ɗankwali wata ranar kasuwa. Sai ta tuna dariyar nas ɗin, ta tuna ba ita ke zaɓen likitan da za ta samu ba. Idan mai tumbin ne fa? Ta kwance ɗankwalin. Damina ta shigo, mayo ya cika, ga shuka, ga Miriyamu ta haihu. Dorcas ce ta yi mata wankan jego, tana dafa bango tana ɗaukar ruwan zafi.

A nan Miriyamu ta gane. Uwar ta tashi daga kan turmin da take zaune, 'yar ta ga abin da ya rage a wurin.

"Mama! Tun yaushe?"

"An ce shekaru ne."

"Wa ya ce?"

"Likita."

Daga Mubi aka tura su Yola. Can aka yi hoto, aka ɗebi nama aka gwada. Likitar mace ce, ta yi magana a fili: ciwon daji ne a mahaifa, kuma ya riga ya bazu. Ta ce da tun farkon ganin jinin aka zo, da cire mahaifar ma kawai zai iya wadatarwa.

Suka dawo da ita Betso da maganin rage ciwo. Dorcas ta rasu kafin a cire gyaɗar da ta shuka.