Ruwan Da Ya Kwana

"Ba haka ba, 'Yardada. Kada ki cusa masa. Riƙe ganyen a bakin ruwa kawai, ki bar shi ya zo da kansa."

Malam Abdulbaqi ne yake ba ni umarni daga kan gado, da ƙyar muryarsa take fita. Ni kuwa ina tsaye a kan kujera 'yar tsugunno, hannuna har ya sage, ina riƙe da ganyen alayyafo a saman tankin gilashin da ya cinye rabin falonsa. Kifin ya taso a hankali, ya dube ni da ido ɗaya, ya buɗe ƙaton leɓensa ya haɗiyi iska, ya juya min baya.

"Ka gani ko, Malam? Raini ne kawai. Ni da nake ciyar da shi tun bai kai tafin hannu ba!"

Malam ya so ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Matarsa, Yaya Turai, ta tallafo kansa tana yi masa sannu. Kwanon kununsa yana gefen gado, ya huce, ko ɗanɗanawa bai yi ba.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasu a unguwar Koki. Kayan miya nake sayarwa a gida tun rasuwar maigidana, kuma kullum da safe nakan miƙa wa Malam ganyen alayyafo ko latas ta kan katangar nan. Na kifin ne. Gurami sunan irinsa, in ji Malam, amma mu a unguwa Mai Goshi muke ce masa, saboda wani tudu da ya fito masa a ka. Faɗinsa ya kai faifai, tsawonsa ya kusa kamu guda da rabi. Daga hannun Malam kaɗai yake karɓar abinci.

Asalinsa ba na Malam ba ne. Ɗansu Zaharaddeen ne ya shigo da shi a leda, ɗan mitsitsi. Zaharaddeen shi kaɗai Allah ya bar musu. Daga baya ya bi abokansa neman aiki ta hanyar Agadas, kuma a gabana ya tsaya a soro da jakarsa ya ce, "Baba, a kula min da kifina, zan dawo in tarar da shi." An yi ta waya na ɗan lokaci, sai wayar ta ɗauke. Shekaru sun fi goma yanzu. Dangi sun sha cewa a yi masa sadaka a haƙura, Malam ya ce ba a yi wa mai rai sadakar mutuwa. Kifi yana girma, Malam yana sauya masa tanki. Yaya Turai kuwa ta daina kiran sunan yaron gaba ɗaya, amma ita ce take goge gilashin nan kullum da gefen mayafinta.

Malam yana da dokoki a kan kifin nan, na ji su har na haddace. Ba a ba shi abin da mai ya taɓa. Ba a cika tanki har baki, don shi irin kifin da yake tasowa ya shaƙi iska ne kamar mutum. Sannan ba a zuba masa sabon ruwa, na famfo ne ko na 'yan garuwa, sai ya kwana a randa. Akwai manyan randuna biyu a gindin rumfa, na kifin ne, ko alwala Malam ba ya bari a yi da su.

Ciwon ƙoda ne ya kwantar da shi. Da asibiti suka ce a koma gida a ci gaba da addu'a, ya sa aka fito masa da gado falo, kusa da tanki. Tun da ya kasa tashi, kifin ya daina cin abinci. Shi ma Malam ya daina. Yaya Turai ta yi lallashi, ta yi faɗa, ya ce shi ba zai cika cikinsa ba amanar yaro tana kwana da yunwa.

Ranar nan da kifin ya juya min baya, ƙanen Malam, Baffa Sabo, ya shigo dubiya. Malam ya ce, "Sabo, ɗaga ni."

"Yaya, ina za ka? Ka kwanta, don Allah."

"Ɗaga ni na ce."

Baffa Sabo ya cicciɓe shi kamar yaro ya kai shi gaban tankin, ƙafafunsa da suka kumbura suna jan ƙasa. Na sa wa Malam ganyen a hannu. Ya ƙwanƙwasa gilashi da farce, ya ce wa kifin, "To, malam, ga ni." Wallahi sai ga kifin nan ya taso da sauri, ya fizgi ganyen, har ruwa ya fantsalo wa Baffa Sabo a gemu. Ya cinye, ya dawo neman ƙari. Da aka mayar da Malam kan gado ya ce a ɗumama masa kunun. Ya sha rabi. Ni dai na koma gida ina murna, har na gaya wa maƙwabta Malam ya samu sauƙi.

Washegari da hantsi ina wajen ya kira matarsa.

"Turai, ba na jin zan ga dawowar yaron nan. Ke za ki gani. Kada ya shigo ya tarar da tankin nan babu komai."

"Daina irin wannan magana, Malam."

"Kin ji dai?"

"Na ji."

Bai ƙara kwana da yawa ba. Wata safiya ana tsakiyar zafin bazara, ina tsinke ganye zan miƙa, na ji salatin Yaya Turai ta kan katanga. Ganyen ya zube daga hannuna.

Famfo bai kawo ba ranar, 'yan garuwa kuma ba su shigo lungunmu ba tukuna, ga shi ana so a kai shi kafin azahar. Baffa Sabo ya leƙo daga ɗakin da za a yi wanka ya ce ina ruwa. Muka dubi randunan nan, duk mun san na waye a cikinsu. Yaya Turai ta ɗaga kai ta ce, "Ku ɗiba. Shi ya tara abinsa." Da ruwan kifin aka wanke Malam. Abin da ya rage masu gaisuwa suka ƙarar wajen alwala, kuma babu wanda ya tuna ya sake cika su.

Zaman makoki kuwa, maza suna ƙofar gida, mata sun cika ciki. Yaya Turai ta shiga takaba, tana uwar ɗaki a kan tabarma da carbinta, ko ɗigon hawaye ba ta yi ba. Mata sai yaba mata suke, wai ga mai tawakkali. Ni ina gidana a bakin murhu, don ba a ɗora tukunya a gidan rasuwa, mu maƙwabta ne da girki. In na kai abinci, uwar ɗaki nake wucewa in fito. Falon kuwa dangin Malam ne da suka zo daga ƙauye suka cika shi, ko wurin sa ƙafa babu.

Sai ranar sadakar uku da rana na kutsa falon neman manyan kwanukana. Wari ne ya fara tarbata. Na dubi tankin. Ruwan ya koma fari kamar ruwan wankin shinkafa. Mai ya rufe samansa, gutsattsarin waina da ƙosai da gumba suna ta yawo, wasu sun nutse sun kumbura. Ɗan injin da yake hura iska a cikin tankin ya tsaya, an zare shi daga batirin sola an jona wayoyi. Mai Goshi yana can ƙasa a kwance ta gefe ɗaya, bakinsa yana buɗewa da ƙyar.

"Innalillahi! Wa ya yi wannan aika-aikar?"

Wata tsohuwa, Hajiya Aminat, gwaggon Malam, ta dube ni da mamaki. "Wace aika-aika, 'yar nan? Mun ga dabba ba ta ci, maigidanta ya tafi. Na ce kowa ya ɗan gutsura mata, ladan ya kai masa kabari. Laifi ne?"

"Duk mun ba shi," in ji wata, "har addu'a muke yi in za mu jefa."

Na so in zazzaga musu masifa. Amma tsakani da Allah suka yi. Na fizge wayoyin na mayar da injin, na ruga gindin rumfa. Randunan nan biyu ƙaf, har sun bushe.

Hayaniyar ce ta fito da Yaya Turai. Mata suna cewa, "Koma ki zauna, mai takaba ba ta wannan zirga-zirga," ba ta ko dube su ba. Ta tsaya a gaban gilashin, ta dafa shi da hannu biyu.

"'Yardada, ruwa."

"Yaya, babu. Sai na 'yan garuwa, ga shi can an sauke yanzu, da zafinsa."

"Bai kwana ba. Malam ya ce sai wanda ya kwana."

Na yafa mayafi na fita. Na kwashe randata tas, na shiga gidan Luba mai kitso, na shiga na gaba da shi, ina cewa a taimaka da ruwan randa, wanda ya kwana. Babu wadda ta tambaye ni dalili sau biyu. Mata suka yi ta shigowa da bokitai da tulu. Su kansu baƙin suka tashi, Hajiya Aminat da tsufanta tana yaɗe man da ƙoƙo tana cewa, "Allah ka gani, ba mu sani ba." Muna kwashe ruɓaɓɓen, muna zuba mai kyau a hankali ta gefen gilashi yadda Malam yake yi. Kafin la'asar ruwan ya washe, har ana ganin duwatsun ƙasa.

Kifin ya motsa. Ya miƙe, ya karkace, ya sake miƙewa. Ya yunƙuro sama zai shaƙi iska, muna ta cewa "Yauwa, yauwa," kamar masu karɓar haihuwa. Saura kaɗan ya kai, sai ya sulale ya koma. Yaya Turai ta zura hannayenta har kafaɗa, rigar takabarta ta jiƙe, ta tallafo shi ta ɗago bakinsa saman ruwa. Bai taɓa yarda wani ya taɓa shi ba, amma ya kwanta mata lamo. Ya haɗiyi iska sau ɗaya. Ta ci gaba da riƙe shi. An yi kiran sallah, an idar, tana riƙe da shi.

Ni ce na ce, "Yaya, sake shi. Ya tafi."

Ta juyo ta dube ni, ruwa yana ɗiga daga gwiwar hannunta. Ta ce, "Ashe Zaharaddeen ba zai dawo ba, 'Yardada."

Rabon da in ji sunan nan a bakinta har na manta. Sai ta durƙushe a wurin ta fashe da kuka, irin kukan da ba ta yi wa Malam ba, har maza suka jiyo daga waje. Masu yabonta da tawakkali suka zuba mata ido. Ni ma na zauna a jiƙaƙƙiyar ledar ɗakin na taya ta kukan.

Baffa Sabo ya haƙa rami a gindin rumfa, kusa da randunan, aka binne kifin. Ya ce bari a kwashe ruwan a fitar da tankin, ko falon ya samu fili. Yaya Turai ta ce a bar mata kayanta.

Baƙi sun watse. Jiya da safe na tsinci kaina a bakin katanga da ganye a hannu, sabo ya kai ni. Kafin in janye, na ji an karɓa daga can ɓangaren. Da na shiga gaishe ta, na tarar ta cika randunan nan biyu ta rufe su da faifai. Tana zaune a bakin gadon Malam da carbinta, injin yana ta hura kumfa, ganyen alayyafon yana juyawa shi kaɗai a saman ruwa.