Sabon Kai

Giwa tana tsaye a tsakiyar gareji babu kai. Wayoyin totur da na kuloci suna reto a gefen tanki, madubai biyu suna kwance a kan tsohon tawul, ƙananan notuna kuma an tara su a murfin kwano don kada su bi ƙasa. Giwa shi ne sunan da Malam ya raɗa wa ƙaton babur ɗinsa na doguwar tafiya, mai akwati a kowane gefe, wanda ya kai shi da matarsa wuraren da 'ya'yansu sai dai su gani a hoto.

Matar ta leƙo da kofin shayi a hannu. Sista kowa ke ce mata, har mijin, domin aikin asibiti ta yi har ta yi ritaya.

"Kan babur ka cire, Malam? Da shawarata za ka bi, naka za a fara canzawa."

"Nawa ba a samun irinsa a kasuwa."

"Saboda taurinsa aka daina ƙerawa," in ji ta, ta miƙa masa shayin.

Ya karɓa da hagu, kuma ta lura. Kafaɗarsa ta dama ce ta kawo duk wannan aiki. Tun bara ta fara yi masa gardama, ba ta miƙewa sai da ciwo, shi kuwa kan Giwa na asali nesa yake da mai tuƙi, sai an miƙa hannu sosai. Babbar 'yarsu, wadda ta gaji bakin uwarta, ta sa shi a gaba har ya yi alkawari: in ya sa sabon kai mai lanƙwasowa baya, ya hau, ya juya shi dama da hagu bai yamutsa fuska ba, a bar masa babur ɗinsa. In kuwa ya yamutsa, a sayar. Mai saye ma ta riga ta samo, mutumin har ya zo ya shafa tanki yana haɗiyar yawu.

Malam ya ƙi kai Giwa wurin makanike. Ya ce bai taɓa bari wani ya kwance mata ko noti ɗaya ba, ba kuma yau zai fara ba. Cirewar ta zo masa da sauƙi, ɗorawar ce ta gagara, domin tana son hannu biyu masu lafiya. Sista ta tsaya tana kallonsa yana kokawa da ƙarfen, ya tallafe shi da ƙirji yana laluben noti da hagu. Tausayi ya kama ta, amma ta san in ta nuna zai kore ta.

"Matsa," ta ce. "Tsayuwa kawai ta ishe ni, ba taimakonka zan yi ba."

Ta naɗe hannun riga ta riƙe sabon kan, shi ya ɗora ƙarfen da ke danne shi, ya ɗaura notuna huɗun sama-sama. Daga nan aiki ya yi daɗi. Ta zura hannun totur, ya mayar da maɓallan fitila da na hon. Ya yi mata kashedi kada ta karkata ƙoƙon man birki, ta ce ita da ta shekara tana ɗaura wa mutane ruwa a jijiya ba za a koya mata riƙon kwalba ba. Robar hannun hagu ta ƙi shiga, ya ce a buga da guduma, ta harare shi ta ɗebo ruwan sabulu ta shafa, robar ta shige sulub. Malam ya ce dama abin da yake shirin faɗa ke nan. Suka yi dariya har shayin ya huce ba a sha ba.

"Saura awo," in ji shi. "Ba a ɗaure kai sai mai babur ya zauna ya rufe ido ya miƙa hannu. Inda hannunsa ya sauka, nan ne wurinsa."

Ya hau, ya rufe ido, ya miƙa. Sista ta jawo kan ya tarye shi. Ya juya dama, lafiya lau. Ya juya hagu, hannun dama ya bi ƙarfen ya yi gaba, sai ta ga muƙamuƙinsa ya ɗaure, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ta ƙara kwantar da kan baya, ya sake gwadawa. Bai yi ƙara ba, amma da ya buɗe ido bai yarda sun haɗa ido ba. Ya sauko a hankali ya tsaya yana goge sifana da tsumma, sifanar da babu ko ɗigon datti a jikinta.

Sista ta ji abin har cikin ranta. Ba ƙarfe da taya take jin rabuwa da su ba. A bayan wannan mutumin ta ga duwatsu da koguna, a bayansa ta yi waƙa ba ta jin kunya domin iska na ɗauke muryar.

"Ko ba komai a ƙarasa aikin," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ba zan ba mutum babur kai na rawa ba. Hau ki riƙe min shi daidai in ɗaure."

Ta hau ta gyara zama. Ƙafafunta suka taka ƙasa, dama ta ɗan fi shi tsayi, abin da bai taɓa amincewa da shi ba. Don tsokana ta rufe ido yadda ya yi, ta miƙa hannu. Tafukanta suka sauka a kan robobin cif, yatsunta suka sami birki da kuloci ba lalube. Ta juya dama, ta juya hagu har ƙarshe. Ta tuna ƙaramin babur ɗin asibiti da ta yi shekaru tana ratsa yashi da taɓo a kansa, akwatin allurai a baya.

Da ta buɗe ido, Malam yana tsaye da sifana yana kallon hannuwanta.

"Kada ki motsa," ya ce.

Ya ɗaure notunan a gicciye, na gaba sannan na baya, kaɗan-kaɗan har suka kama. Ya tayar da injin ya sa ta juya kan gefe da gefe, ya kasa kunne ko wayar totur za ta ja. Ƙarar ba ta canza ba.

Kwanakin da suka biyo baya, maƙwabta suka sha kallo. Sista na zagaya filin bayan gidaje a kan Giwa, Malam na biye da ita a ƙasa yana ihun ta saki kuloci a hankali, ita kuma tana ce masa ya je ya zauna kafin ɗaya kafaɗar ta tafi.

Ranar da 'yar ta zo ganin cika alkawari, ta tarar da babur a ƙofar gida, akwatuna a ɗaure, uwarta a gaba da hular kwano.

"Mama! Baba, ba haka muka yi da kai ba!"

"Cewa kika yi a juya kai ba a yamutsa fuska ba," in ji Malam. "Dubi fuskarta."

'Yar ta dubi uwarta, dariya ta ƙwace mata. Ta zo da kanta ta riƙe masa gwiwar hannu ya hau kujerar baya. Ya zauna ya duba dama, ya duba hagu, hannuwansa a sama kamar wanda aka ce ya jira a zuba masa ruwa.

"Sista, a nan me ake riƙewa?"

"Ni duk shekarun nan me kake ji ina riƙewa?"

Ya zagaye ƙugunta da hannu biyu. Ya ɗan jira ya ji abin da kafaɗar za ta ce, ba ta ce komai ba. Sista ta sa giya, Giwa ta ɗaga.