Fiton Malachy

Malachy Gilroy bai yi ko ciwon kai ba. Da safe ya ɗauki bokitin dusa zai ba tumaki, a bakin garke zuciyarsa ta tsaya. Karensa, Moss, shi ya yi ta haushi har matarsa Brid ta fito.

'Yarsu Dervla ta baro aikinta na asibiti a birnin Galway, ta iske gida cike. Gawa na kwance a falo, mutane na shiga suna fita, ana shan shayi, ana tuna rigimar marigayi ana dariya. Maƙwabta suka haƙa kabari kyauta, kamar yadda aka saba. Amma akwatin gawa ba kyauta ba ne, banki kuma bai san zaman makoki ba. Malachy ya tafi ya bar bashin tarakta da tumakin da kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Mutumin kirki ne, Allah ya sani, sai dai irin mutanen nan ne da ke ɗaukar mutuwa ciwon maƙwabci.

Abu biyu ne kawai a gidan za su yi kuɗi: fadamar da Brid ta gada wurin ubanta, da Moss. Kare ne da ya ci gasar kiwo har sau biyu. Malachy na tsaye a ƙasa yana fito, shi kuwa yana can kan dutse yana juya tumaki yadda aka ce masa. Idan aiki ya ƙare akwai wani dogon fito mai lanƙwasa, na a kawo su gida. Brid na jin wannan sai ta zuba shayi a shuɗin kofinsa, ta fito bakin ƙofa.

Tun ranar rasuwar mijinta, Brid ba ta yi kuka ba. Wanke kofuna take yi, ta sake wanke su.

"Mama, dole ɗaya ya tafi," in ji Dervla. "Ko fadama ko kare."

"Yi yadda kika gani, 'yar nan. Ni kaina ba ya ɗauka."

Dervla ta kira Fintan Coyne, makiyayin da ke bayan dutse. Ya zo da hularsa a hannu.

"Allah ya jiƙan babanki. Shekara da shekaru ina roƙonsa karen nan, kullum sai ya ce gara ya sayar mini da haƙoransa."

"Ai haƙoran ma na roba ne," in ji Dervla. Suka yi 'yar dariya.

Suka fita bakin garke. Moss na kwance daidai inda ubangidansa ya faɗi. Fintan ya sa yatsu a baki ya yi fito. Karen ko kunne bai ɗaga ba. Ya sake, ya canza salo, ya kira shi da suna, duk a banza.

"Kin gani ko? Kowane makiyayi da fitonsa. In ban ji wanda ya saba da shi ba, yaya zan koya? Ba rowa nake miki ba, Dervla, amma ni ma ina da bakunan da nake ciyarwa a gida. Ba zan iya sayen karen da ya zama tabarma ba."

Dervla ta dubi karen. Ta iya fiton. Tana 'yar ƙarama ubanta ya koya mata a nan bakin garke, yana tsokanarta wai miyau take fesawa kawai. Idan ta kame bakinta, Fintan zai tafi, Moss ya zauna, ta riƙa ganin wani abu na ubanta yana yawo a tsakar gida. Wallahi abin da ranta ke so ke nan. To amma sai fadama ta tafi, kuma tsohuwar da ta rasa miji ba ta cancanci ta rasa ƙasar ubanta a wata ɗaya ba.

Ta sa yatsu a baki.

Moss ya zabura kamar an zuba masa ruwan zafi. Ya haye dutsen, ya kewaye tumakin, ta ce dama ya yi dama, ta ce kwanta ya kwanta. Hawaye na zubo mata, amma bakinta bai yi kuskure ba. Daga ƙarshe ta ja dogon fiton nan mai lanƙwasa, tumaki suka gangaro.

"Na saya," in ji Fintan a hankali. "Duk kuɗin da kika sa masa, ba ragi."

Karen ya iso yana haki. Bai dubi Dervla ba. Bayanta yake leƙawa, yana kaɗa wutsiya, yana neman mai fiton.

Sai suka ji ƙarar ƙofa. Brid ce ta fito da sauri, shuɗin kofi a hannunta yana tururi, fuskarta a sake.

"Malachy, yi maza kafin ya huce!"

Ta ga Fintan. Ta ga 'yarta da yatsu a baki. Ta daɗe tana duban garken, sannan ta zauna a kan dakali, kofin na hannunta, ta fashe da kukan da ba ta yi ba a coci.