Kunnen da Hambali Ya Ara

"Sake saurara, Yaya Hashimu. Bugun tulun ya danne muryoyin ko bai danne ba?"

Hambali ne ke tambayata, yana ɗaga murya kamar mai kiran wanda ke tsallaken kanal ɗin ban ruwa, alhali gwiwata na gogar tasa. Abin sauraro na manne a kunnuwana, sosonsa ya jiƙe da gumi. Na ɗaga hannu na yi ƙasa da shi kaɗan, yadda ya koya mini. Ya ja wani ɗan layi a fuskar kwamfutar, sai tulun ya ja baya, muryoyin matan suka fito fili. Na gyaɗa masa kai.

Ni manomi ne, shinkafa da damina, tumatir da rani, kuma katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasu a Kura. Hambali ya yi shekaru a Kano yana haɗa wa mawaƙa kiɗa a situdiyo. Bai taɓa rataya kalangu ba, amma akwai kalangu a cikin kwamfutarsa, akwai goge da algaita da wasu kayan kiɗan da ban san sunansu ba, duk suna fitowa ne idan ya danna wani ɗan fiyano da bai fi faifai biyu tsawo ba. Tarin fuka ne ya dawo da shi gida, irin wanda ba ya jin maganin farko. Allurar da aka daɗe ana yi masa ta kwantar da tarin na wani lokaci, amma ta tafi da jinsa. Kunnen dama ya mutu murus, na hagu kuwa sai an kai baki. Mutane suka rage shiga ɗakinsa, duk da likita ya ce an wuce lokacin ɗaukar cutar.

Waƙar da muke aiki a kai ta Gwaggo Rifkatu ce, ƙanwar mahaifinsa. Mahaifin ya musulunta tun yana saurayi, ita kuwa ta yi aure a wani ƙauye bayan Bunkure ta shiga coci. Da uwar Hambali ta rasu wajen haihuwarsa, ita ce ta ɗauke shi ta shayar da shi tare da ɗanta. Ita ke shirya wa zumuntar matan cocinsu waƙa, kuma tun yana Kano ya yi mata alkawarin zai ɗauki muryarsu ya yi musu kiɗa na gaske. Kullum sai ya ce mata bayan Sallah. Da ya dawo ya ga yadda jikinsa yake, shi da kansa ya aika a kira ta.

Sun zo wata Talata a a-daidaita-sahu, ita da matan zumunta cikin zane iri ɗaya, da tulunsu da caki. Ni ya tura in roƙi mai injin casar da ke bakin layi ya kashe na ɗan lokaci. Mutumin ya kashe, amma sai da ya tambaye ni ko gaskiya ne waƙar coci Hambali zai yi, yana cikin wannan hali. Da na faɗa wa Hambali a kunnen hagu, ya ce in gaya masa nonon da ya sha bai tambaye shi addininsa ba, ya ci gaba da warware wayar makirufo.

Bayan sun rera waƙar, ya sa mai tulun ta buga sau ɗaya, ta sake da ƙarfi, ta sake a hankali. Ya ce ya isa haka. Da yamma na shigo na tarar ya rarraba bugun nan a kan fiyanon, kowane maɓalli da irin nasa, wani kakkaura wani siriri, kamar an tara masa tuluna ɗaki guda. Tafin hannunsa na hagu na kan sifika, ta nan yake jin masu nauyi. Caki da muryoyi kuwa ba sa zuwa hannu, sai dai ya gan su a fuskar kwamfuta kamar kunyoyin gona. A nan ne ya ce in ara masa kunne.

Kullum bayan La'asar, in na taso daga ban ruwa, sai in wanke ƙafa in shiga. Aikin ba ya sauri. Yakan yi tari har sai ya kifa kai a kan tebur, in jira, ya ɗago mu ci gaba. Ni kuma kunnena ba na makaɗi ba ne. Akwai wurin da muryar Gwaggo take rawa idan ta hau sama, shi kuma yana da wata manhaja mai miƙar da murya. Ya yi kashi biyu, ɗaya a gyare, ɗaya yadda ta rera, ya kunna mini su bi da bi. Na ce masa ni duk ɗaya nake ji. Ya sake kunnawa, na sake faɗa. Ya fizge abin sauraron daga kaina ya ajiye, ya juya fuska ga bango.

Matarsa Kubra tana tsakar gida tana tsane shinkafar da ta turara. Kowa a layin ya san ba ta son aikin nan, don shi ya riƙe mata miji a Kano shekara da shekaru, sai dai ya zo ya kwana biyu ya koma. Ban taɓa ganin ta taɓa kwamfutar ba, ko shara take yi sai ta kewaye teburin. Ranar ta shigo tana goge hannu da bakin zane, ta ɗauki abin ta sa a kunne a kan kallabinta. Ya dube ta, sannan ya kunna. Ta saurari na farko, ta saurari na biyu idonta a rufe. Ta sunkuya ta kai baki kunnensa.

"Bar na biyun. Haka take yi in tana yi wa yara waƙa."

Daga ranar ita ta karɓi aikin, ni sai dai in leƙa in gaishe su. Ta katanga nakan jiyo shi yana tambaya da ƙarfi, ba na jin amsarta. Wata rana ya tura mata waƙar a waya don ta ji yadda za ta fita a ƙaramar sifika, ya ce saura ƙarshen, yana so ya sa sarewa ta raka muryoyin su sauka tare.

Bai kai ga sarewar ba. Ranar Asabar da hantsi ina gona aka kira ni a waya cewa ya yi aman jini. Muka sa shi a a-daidaita-sahu, kansa a cinyar Kubra, ni ina gefe na riƙe ƙafafunsa. Hanya cike da motocin kwandunan tumatir, direban yana ta danna hon. Kubra ta kai baki kunnensa na hagu tana maimaita masa kalmar shahada, leɓensa na motsi. Kafin mu kai ƙofar asibiti ta ɗago ta ce wa direban ya juya. An yi masa sutura bayan Azahar.

Gwaggo Rifkatu ta iso bayan an dawo daga maƙabarta, ta zauna a cikin gida har aka yi sadakar uku. Ranar da za ta tafi na shiga yi musu sallama, na tarar Kubra tana tura mata waƙar. Suka kunna a hankali saboda masu gaisuwa. Waƙar ta tafi daidai har baitin ƙarshe, sai kiɗan ya yanke, muryoyin suka ƙarasa su kaɗai. Na ce akwai abokan aikinsa a Kano, in an kai musu kwamfutar za su iya cikawa. Gwaggo ta ƙulle wayar a bakin gyalenta.

"A bar shi inda ya tsaya," in ji ta.

Na raka ta bakin titi ta hau motar Bunkure. Da na dawo an riga an naɗe tabarmin zaman makoki daga ƙofar gida, maƙwabta sun shimfiɗa tamfol a wurin sun baza shinkafar Kubra da ta kwana uku a jiƙe a buhu. Ita tana takaba, ba ta fita. Ta zauna daga cikin zaure da dogon kara a hannu, tana miƙo shi waje tana korar kaji.