Koren Awarwaro a Cikin Taɓo

Ranar da Kawu Khamiso ya aiko cewa teku ta kusa gama cinye maƙabartar ƙauyenmu, Ammi, mahaifiyata, ba ta iya cin abinci ba. Washegari ta wanke jarka, ta cika ta da ruwan daɗi, ta ce in shirya in raka ta. Tana so ta zuba wa kabarin Babana ruwa, ko da sau ɗaya ne, kafin ya tafi ƙarƙashin teku. Yanar ido ta makantar da ita, sai da ɗan jagora take tafiya, ni ce kuwa idonta.

Ina ƙarama ƙwarai muka bar ƙauyenmu Ranwari muka koma birnin Karachi, inda muke ɓarar jatan lande. Ban tuna fuskar Babana ba. Abin da na sani, zazzaɓi ne ya ɗauke shi, kuma sunansa Allahdino.

Kawu, ƙanin Ammi, yana jiranmu a bakin ruwa da kwale-kwalensa mai inji.

"Adi, kin tsufa!" in ji shi, yana dariya. Adi yake kiranta, wato Yaya.

"Kai kuma har yanzu ba ka yi hankali ba," in ji Ammi. Ta lalubo fuskarsa, ta daɗe tana shafawa.

Ya juyo wurina. "Wannan ce Nazeeran? Tana magana kuwa, ko a Karachi kuka baro bakin nata?"

Na ja mayafina na sunkuyar da kai.

Ƙauyen bai kai yadda Ammi take ba ni labari ba. Bukkoki kaɗan ne suka rage, an ɗaga su a kan turaku, ƙasa kuwa duk ta yi fari da gishiri. Ammi ta tambayi gonar shinkafar kakana, Kawu ya ce a kanta muka wuce da jirgi. Matarsa ta ba mu gurasar garin shinkafa da soyayyen kifi. Shayin da ta kawo yana da ɗan gishiri-gishiri. Na ga tana satar kallon jarkarmu.

Da ruwa ya fara janyewa muka shiga jirgi, muka bi ta tsakanin itatuwan bakin teku har tsohuwar ganuwa. Ba wanda ya san sarkin da ya gina ta. Jajayen bulo ne sirara, kusurwa ɗaya ce kawai take tsaye, sai guntun bangon masallaci mai zane a jikin dutse.

"Mutanen birni sukan zo ɗaukar hoto," in ji Kawu. "Wani mai tabarau ya tambaye ni shekarun ganuwar. Na ce ta girmi surukata, amma da kaɗan."

Ammi ba ta yi dariya ba. Ta riƙe hannuna gam muka sauka, ƙafafunmu suna nitsewa a taɓo, ƙananan ƙaguwa suna gudu daga gabanmu.

A bayan ganuwar maƙabartar take. Tun kaka da kakanni mutanenmu da bulon ganuwa suke kewaye kabari. Yanzu ruwa ya watsa komai. Bulo ne zube ko'ina, ba ka gane wanne na ganuwa, wanne na mamaci.

"Me kike gani?" in ji Ammi.

"Bulo, Ammi."

"A jere?"

Na sake duban bulon da ke warwatse. Kawu ya kawar da kai yana kallon teku.

"Ba komai," in ji ta. "Na bar alama. Ranar da aka binne shi na fasa awarwarona, koraye na gilashi, waɗanda ya sayo mini. Da na fita takaba na zo na tura su cikin ƙasa daidai kansa. Daga bangon masallaci ki miƙe hannun dama. Ki tona, 'yar nan."

Na durƙusa na fara tono da hannu. Taɓon yana da sanyi da wari. Na tona nan, na matsa gaba, na sake tonawa. Can wani abu ya yanke ni a yatsa. Na ɗauraye shi a wani ɗan ruwa da ya kwanta. Guntun gilashi ne, kore shar.

Na buɗe baki zan kira ta, sai idona ya faɗa kan wani abu yana ƙyalli kusa da gwiwata. Ja ne. Gaba kaɗan ga ruwan ɗorawa, ga shuɗi. Na rarrafa na ci gaba da tarawa. Can nesa da inda na fara, na sake samun kore. Kusa da ƙafar Kawu ma akwai wani koren.

"Adi, ruwa ya juyo fa," in ji Kawu. Sai ya rage murya ya ce da ni, "Ki ba ta koren nan na farko. Ba gani take ba. Ki bar ta ta koma da sanyin zuciya."

Na dube ta tsaye, rungume da jarka kamar jariri. Da na ce ga shi, da ta yarda. Amma duk rayuwata abin da na gani shi nake faɗa mata, a kansa take taka ƙafarta.

Na je na buɗe tafin hannunta, na zuba mata duka.

"Ammi, suna da yawa. Akwai kore, amma ba wuri ɗaya ba. Akwai ja, akwai shuɗi. Ruwa ya haɗa su."

Ta daɗe tana juya su da yatsa.

"Wanne ne wannan?"

"Ja."

"Bhagi, matar Jumman. Ita ce mai son ja." Ta ɗauki wani. "Wannan fa?"

"Shuɗi."

"Allah sarki, Soomri. Ita ko shekara ba ta yi da mijinta ba." Ta damƙe gilasan a tafinta. "Ni ina ce ni kaɗai na yi wannan dabara. Ashe kowacce ta saci jiki ta zo."

Ruwa ya iso idon sawunmu. Kawu bai sake cewa mu yi sauri ba. Ya cire hularsa, ya mayar, ya sake cirewa.

Ammi ta sunkuya ta tura gilasan cikin taɓo da babban yatsanta, ɗaya bayan ɗaya. Ta miƙe ta buɗe jarka.

"Riƙe ni, mu zagaya."

Muka bi maƙabartar a hankali, tana tsiyaya ruwan kaɗan-kaɗan tana karanta Fatiha. Ruwan daɗin yana sauka, na teku yana shanye shi nan take. Da jarkar ta ƙare ta tsaya.

"Allahdino," in ji ta, "ka yi haƙuri. Na kawo maka, amma sai dai ku raba."

Kawu ne ya ɗauke ta cak ya sa a jirgi, don ruwa ya kai mana gwiwa. Da muka yi nisa ta tambaye ni ko ana ganin wurin har yanzu. Na waiga. Kusurwar ganuwa ce kawai a tsaye, sauran duk ruwa.

"Ba a gani, Ammi."

Ta gyaɗa kai. Ta lalubo yatsana da ya yanke, ta yagi bakin mayafinta ta ɗaure mini shi.