Tambaya ta Goma Sha Bakwai

Digirin dakta, in ji Hamida, kamar yaye ne: an cire ka daga nono, amma ba a ba ka tuwo ba. Bayan ta gama nata a kan ƙwaƙwalwa, jami'a ta ɗauke ta horon bincike na shekara biyu a ƙarƙashin Farfesa Mas'ud. Sharaɗin ɗaya ne, ta auna yara sittin masu farfaɗiya ta buga sakamakon, ko kujerar koyarwa ta wuce ta. Saura wata uku, tana da hamsin da biyu.

Ragowar ta biyo Tafoki. Ta ɗora wa yara hular wayoyi, na'ura na zana motsin ƙwaƙwalwarsu, iyaye na amsa tambayoyin takardar da Farfesa ya tsara yana zaune ƙarƙashin fanka. Sunan maigida, kwatancen gida, wa ke kwana a ciki. Ta goma sha bakwai kuwa, don a gane ƙarfin gida, cewa take: shanu nawa gare ku?

Tun Kankara ta lura mutane kan dubi juna in an zo wannan tambaya, sannan su amsa don kunyar baƙuwa mai duba 'ya'yansu. Ita dai cike gurbi take yi, wanda ya ƙosa ba ya ganin rami.

Sai Baba Gide, kakan yarinya ta sittin, ya ƙi. Ya dube ta har ta tsargu.

"Ɗiyata, bara wani mai goro ya yi mani tambayag ga. Kwana ukku aka yi, aka zo aka kore shanun, aka tafi da ɗana." Ya nuna takardar da haɓa. "Shi ko bai rubuta ba. Ina sauran takardun?"

Suna cikin jaka, gida hamsin da tara, kowanne da kwatancensa. Jakar tana ɗaure bayan babur ɗin da ta hau a tasha, na wani mai fara'a da bai yi ciniki ba, wanda ya ce ta bar kayan, zai jira ta gindin kuka.

Tsoro ya kama ta sosai. Ta fito ba takalmi, rana tsaka, gari tsit.

Gindin kuka babu kowa. Sawun taya ya bar hanyar Faskari, ya yi daji.