Kek ɗin da Preben ya kawo ran Juma'a

Preben ya shekara biyu yana tsallako iyaka daga Padborg ta Denmark zuwa Flensburg, wai sayen giya mai araha. Duk layin an san ƙarya ne. Wajen Frauke yake zuwa, bazawarar nan mai gida mai shuɗɗan tagogi, wadda har yanzu ba ta yarda ta nuna shi ga 'ya'yanta ba.

To, ran Asabar Frauke za ta cika shekara saba'in, 'ya'yan duk za su zo. Shi kuma a ranar ne za a yi wa jikarsa baftisma can Aarhus. Sai ya ce bari ya riga kowa. Ran Juma'a da hantsi ya sa kwat ɗinsa na jana'iza, don shi kaɗai gare shi, ya ɗauko kek ya soka masa 'yan tutocin Denmark kamar yadda suke yi a can, ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Tana buɗewa ya washe baki. "Frauke, ina taya ki murnar..."

Ta toshe masa baki da hannunta, duk ƙullun fulawa.

"Kashe ni ka zo yi, tsohon banza? Wa ke taya mutum murna tun ranar ba ta zo ba?"

Yayarta Telse ta leƙo daga kicin. "Ya ƙarasa faɗa?"

"Rabi ya faɗa."

"To rabin tsiyar ce za ta same ki. Ƙila ƙafa ɗaya."

Preben ya goge gemu. Ya ce a garinsu ba wanda gaisuwa ta taɓa kayarwa.

"Garinku daban," in ji Frauke. "Kek ɗin nan ba zai kwana a gidana ba. Ajiye shi gidan maƙwabta."

Ya tsaya da kek a hannu, zuciyarsa ta karye, yana ganin shekara biyu sun tafi a banza. Ya juya ke nan ta kira shi.

"Idan na kai gobe da raina, ka zo ƙarfe goma ka ƙarasa maganarka. A gaban yaran."

A gaban yaran. A kan matakalar ƙofar Preben ya zauna ya kira 'yarsa a waya, ya ce ta roƙi fasto ya mayar da baftismar bayan azahar.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau. Ki ƙara kujera ɗaya, ƙila in zo da baƙuwa."

Telse ta ce ta taga, "Biyu. Ni ma ba a barina a gida."